Littafi ne ya tayar da Rasha, ko yunwa?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Maganar wannan makon a kan Rasha take. Duk wanda ya karanta tarihin 1917 zai ji an ce yaƙi da yunwa ne suka kayar da gidan sarautar Romanov, wanda yake kan gado tun 1613. Ban musa ba. Amma ku duba: ƙasar nan ba ta da majalisar dokoki sai a 1906, jam'iyya haramun ce, jarida kuwa ba ta fita sai jami'in tacewa ya sa hannu. Saboda haka duk gardamar da ya kamata a yi a majalisa, a cikin littafin labari aka yi ta. Ra'ayina shi ne adabi ne ya raini mutanen da suka yi juyin juya halin, kuma da suka hau mulki, adabin ne ya tsaya shaida a kan abin da suka aikata. Wanda yake da ja, bisimilla.

Kwamared Iliya: Wa alaikumus salam. Ni ina da ja, Malam. Ranar 23 ga Fabrairun 1917 a kalandarsu ta da, wato 8 ga Maris a tamu, matan masaƙu na unguwar Vyborg a Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, ne suka bar aiki suka fito titi. Matan nan sun gaji da kwana a layin burodi cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, mazajensu suna bakin daga tun 1914. An ɗebi maza kusan miliyan 15 zuwa yaƙin nan. Bayan kwana huɗu sojojin barikin birnin suka ƙi harbin jama'a suka juya wa hafsoshinsu baya, ranar 2 ga Maris a kalandar tasu Sarki Nikolas na biyu ya yi murabus. A cikin matan nan da sojojin nan, nawa ne suka taɓa buɗe littafin Turgenev? A ƙidayar 1897 waɗanda suka iya karatu ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ciki ne ya yi magana, Malam.

Malam Habu: Fabrairu naka ne, Kwamared, na bar maka. Amma wata takwas bayan nan, a Oktoba, 'yan jam'iyyar Bolshebik ta Lenin suka karɓe mulkin daga hannun gwamnatin riƙon ƙwarya ta Kerensky, kuma su waɗannan 'yan littafi ne tun daga tushe. Lenin yana da shekara 17 aka rataye yayansa Aleksandar a 1887 saboda shirin kashe sarki. Bayan haka ne ya zauna ya karanta littafin da yayan nasa yake ƙauna, wato "Mene Ne Abin Yi?" na Chernyshevsky, wanda aka rubuta a kurkuku ya fito a 1863. A ciki akwai wani saurayi Rakhmetov da ya haramta wa kansa giya da mace da jin daɗi, har ya kwana a kan ƙusoshi don ya gwada ko zai iya jure azaba. Samarin Rasha sun ɗauki wannan mutumin na cikin labari suka mai da shi abin koyi. Lenin da kansa, da zai rubuta tsarin jam'iyyarsa a 1902, sunan littafin ya ara. Yunwa tana fito da mutane titi, amma ba ta gaya musu wanda zai hau kujera.

Zainab: Don Allah Baba Habu, kafin a yi nisa. Ina yawan jin an ce talakawan Rasha bayi ne kafin juyin. Bayi irin na saye da sayarwa?

Hajiya Turai: Bari in amsa miki, 'yata, don nan ne tushen komai. Bayin gona ne. Rashawa ne kamar iyayen gidansu, yare ɗaya, coci ɗaya, amma doka ta ɗaure su a gonar mai gida. Yana iya sayar da su, ya jinginar da su, ya sa a yi musu bulala, ya aurar da su ga wanda ya so, ya zaɓi wanda za a kai soja. Sai a 1861 Sarki Aleksandar na biyu ya 'yanta su, mutum wajen miliyan 23.

In kina son ki ji ɗacin abin, ki nemi littafin Gogol na 1842, "Matattun Rayuka". Ana biyan haraji a kan kowane bawa namiji da sunansa yake cikin rajistar ƙidaya, ko ya mutu, har sai an sake ƙidaya, kamar a ci gaba da karɓar jangalin saniyar da ta mutu. Sai wani ɗan damfara mai suna Chichikov ya dinga bin gidajen masu gonaki yana sayen sunayen matattun da arha, don ya jinginar da su ga hukuma ya ci bashi. Akwai wurin da wata tsohuwa take jan ciniki, tana tsoron kada a ce farashin matattu ya tashi a kasuwa ita ba ta sani ba. Mutum yana karantawa yana dariya, can sai ya lura cewa babu ko ɗaya a cikin masu gonakin nan da ya ce sayar da mutum laifi ne. Damuwarsu farashi.

'Yancin na 1861 kuma ya zo da ƙaya. An ce su biya kuɗin gonar da aka ba su a cikin shekara 49, kuma a wurare da dama gonar ba ta kai wadda suke nomawa a da ba. Sai da aka yi boren 1905 kafin a yafe ragowar bashin. Shi ya sa manomin Rasha ya shiga 1917 da abu ɗaya a ransa: gonar mai gida.

Zainab: Na gode Hajiya. Ashe abin ya daɗe yana ruruwa.

Hajiya Turai: Ƙwarai. Kuma wanda ya fi kowa ganin haka, a wurina, Chekhov ne, don shi jikan bawa ne. Kakansa ya fanshi kansa da iyalinsa a 1841. Wasansa na ƙarshe, "Lambun Ceri", an nuna shi a Janairun 1904, kusan shekara ɗaya kafin sojoji su buɗe wa masu zanga-zanga wuta a gaban fadar sarki. Gidan masu hali ne bashi ya ci, sun kasa yanke shawara, sai shan shayi da tuna da. Aka yi gwanjon gidan, wanda ya saya shi ne Lopakhin, ɗan bayin gidan. Ya shigo yana rawar jiki yana cewa ya sayi gidan da ubansa da kakansa ba a barinsu su shiga ko ɗakin girki. Chekhov bai sa ka tsane shi ba, bai kuma sa ka yi masa tafi ba, don kafin mutanen gidan su gama fita har an fara sare itatuwan. Sannan kowa ya watse aka kulle ƙofa, aka manta da tsohon bara Firs, ɗan shekara 87, a ciki. Tsofaffin masu gida sun manta da shi, sabon mai gida ma ya manta da shi. Ni duk tarihin da ya biyo baya ina ganinsa a wannan kullewar ƙofar.

Kwamared Iliya: Hajiya, kin taimake ni ba ki sani ba. Duk abin da kika lissafa zalunci ne na gaske, marubuta sun gan shi sun rubuta. Ba su suka ƙirƙiro shi ba.

Malam Habu: Ba wanda ya ce sun ƙirƙiro. To me za ka ce game da Dostoevsky? A Nuwamban 1869 wani mai suna Nechayev ya sa 'yan ƙungiyarsa suka kashe abokinsu, ɗalibi Ivanov, a Mosko, suka jefa gawar a tafki. Laifinsa kawai ya fara yi wa shugaban tambayoyi. Dostoevsky ya ɗauki wannan shari'ar ya gina "Shaiɗanu", wanda ya fito a 1871 zuwa 1872. A ciki akwai wani Shigalyov da ya zo taron ƙungiya da tsarinsa na gyaran duniya, ya ce shi kansa ya rikice, domin ya faro daga 'yanci marar iyaka, lissafi ya kai shi ga mulkin danniya marar iyaka: kashi ɗaya cikin goma su mallaki sauran tara. An rubuta wannan kafin a haifi Stalin, wanda ya gaji Lenin a mulki. Kuma marubucin ya san abin da yake faɗa. An kama shi a 1849 yana cikin wata ƙungiyar masu ra'ayin gurguzu, aka kai su filin kisa, aka ɗaure uku na farko a jikin turaku, sojoji suka ɗaga bindiga, sannan aka karanto sassaucin sarki. Ya yi shekara huɗu a kurkukun Omsk da mari a ƙafa.

Kwamared Iliya: Ya fito kuma ya zama ɗan kanzagin sarauta da coci. Mu faɗi wannan ma. Mutumin nan ya goyi bayan yaƙin da Rasha ta yi da Daular Usmaniyya a 1877, ya rubuta cewa dole Istanbul ta zama ta Rasha. Wanda ya ga sharrin Nechayev amma bai ga sharrin bulalar sarki ba, idonsa ɗaya ne. Nechayev mutum ɗaya ya kashe. A ranar 9 ga Janairun 1905 ma'aikata suka tafi fada da hotunan sarki da gumakan coci a hannu, limamin coci Gapon yana gaba, takardar koke za su miƙa. Aka harbe ɗaruruwa. Wannan ranar ta koya wa talaka abin da littafi dubu ba zai koya masa ba.

Hajiya Turai: Ya ga bulalar, Kwamared, a jikin abokan zamansa na Omsk ya gan ta, kuma ya rubuta littafi guda a kanta. Ra'ayinsa na siyasa ni ma ba na sayen sa. Amma a cikin labari ya fi ra'ayinsa gaskiya. Tambayar da ya yi ita ce: in ka yarda a kashe mutum ɗaya marar laifi don gobe ta yi kyau, a ina za ka tsaya? Har yau ban ga wanda ya ba shi amsa ba.

Ustaz Nura: Allah ya gafarta malamai, akwai ɓangaren da kullum ake tsallakewa. Daular nan tana da Musulmi miliyoyi, a Kaukasus da bakin Volga da Turkistan. Imam Shamil ya yi shekara 25 yana yaƙar sojojin sarki a duwatsun Dagestan da Checheniya kafin ya miƙa wuya a 1859. Tolstoy ya yi aikin soja a can yana saurayi, kuma da ya tsufa ya rubuta "Haji Murad", labarin ɗaya daga cikin na'iban Shamil. Ba a buga shi ba sai 1912, bayan rasuwarsa, kuma ma an yanke wurare. Akwai babin da mutanen wani ƙauye suka dawo bayan sojoji sun wuce. An ƙone ciyawar dabbobi, an ƙone amyoyin zuma, an ƙazantar da maɓuɓɓugar ruwa da masallaci da gangan, an kawo gawar yaro da aka soka da wuƙar bindiga. Tsofaffi suna zaune sun yi jugum. Barashe ne ya rubuta wannan a kan sojojin ƙasarsa, tsohon hafsa kuma. Ina girmama shi a kan haka.

Da Bolshebik suka zo sun yi wa Musulmi alkawari mai daɗi. A ƙarshen 1917 suka fitar da takardar kira ga Musulmin Rasha da Gabas cewa masallatansu da al'adunsu ba mai taɓawa. Har suka mayar da tsohon Alƙur'anin da ake dangantawa da Sayyidina Usman, wanda aka ɗauke daga Samarkand aka kai ɗakin karatu na babban birni, yanzu yana Tashkent. Ba a yi shekara goma sha biyu ba aka shiga rufe masallatai da makarantun addini, aka hana rubutu da baƙaƙen Larabci aka koma na Latin, wajen 1940 kuma aka sake komawa na Rasha. Yaro ya tashi ba ya iya karanta abin da kakansa ya rubuta. Mu da muka san abin da ya sami ajami za mu gane nauyin wannan. Su kuwa marubutan da suka yi maraba da juyin da fatan a buɗe makarantu, irin su Abdulla Qodiriy da Cholpon da Fitrat na Uzbekistan, a Oktoban 1938 aka harbe su a Tashkent.

Alhaji Bukar Kusiri: Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Mu nan bakin kogin Logone muna da abin faɗa a kan Pushkin, uban adabin Rasha. Kakan mahaifiyarsa, Abram Gannibal, baƙar fata ne da aka sace yana yaro, aka bi da shi ta Istanbul aka kai wa Sarki Bitrus Babba, ya zama janar kuma injiniyan soja. A wata takarda da ya rubuta a 1742 ya ce sunan garinsu Lagon. An daɗe ana cewa Habasha ce, sai wani masanin tarihi ɗan Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjar cewa Logone-Birni ce ta Kotoko, kudu da mu kaɗan. Masana da yawa sun karɓi wannan.

Malam Habu: Ba ka kauce ba, Alhaji, don Pushkin yana cikin maganar. Hafsoshin da suka yi wa Sarki Nikolas na ɗaya bore a Disamban 1825 abokansa ne, kuma an sami waƙoƙinsa a cikin takardunsu. An rataye biyar, aka kora sama da ɗari Siberiya. Sarkin ya kira Pushkin ya ce daga yau shi da kansa zai dinga duba rubutunsa kafin a buga. Ka ga tun daga nan mai mulkin Rasha ya san mawaƙi abin tsoro ne.

Injiniya Bashir: Ina ta karantawa ban ce komai ba. Ni a Rostov na yi karatu, a bakin kogin Don, a ƙarshen zamanin Sobiyet, kuma zan gaya muku ban taɓa ganin mutanen da suke son littafi kamar su ba. A cikin motar bas kowa kansa a sunkuye. Akwai tsarin da za ka tara tsofaffin takardu kilo 20 ka kai, a ba ka tikitin sayen littafin da ake rububi. A 1988 da mujallar Novy Mir ta fara buga "Dakta Zhivago", shekara 30 bayan an tilasta wa marubucinsa Pasternak ƙin karɓar kyautar Nobel, kwafi ɗaya sai ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai, kowa dare ɗaya, bangon har ya yi laushi. Wannan ilimin juyin ne ya ba su. Tsohuwar da take gadin ƙofar gidanmu, iyayenta ba su iya rubuta sunansu ba, ita kuwa tana karanto Pushkin da ka.

Amma in kuna son yaƙin basasar 1918 zuwa 1921 kamar yadda ya ci mutane, ku karanta littafin Sholokhov a kan Kosak, manoma mayaƙan doki na kogin Don. Jarumin, Grigori Melekhov, manomi ne mai doki. A 1914 ya sare wani sojan Austiriya da ya riga ya jefar da bindiga, fuskar mutumin ta ƙi barinsa. Da juyi ya zo ya shiga Jajaye, wato sojojin Bolshebik, don ya ga hafsoshi suna raina talaka. Ya ga an karkashe fursunoni a gabansa, ya bar su. Jajaye suka shigo ƙauyukan Don suna harbin mutane a 1919, ya jagoranci masu bore. Farare, masu yaƙar Bolshebik, suka sha kashi, ya koma cikin dawakin Jajaye. Ya dawo gida kuma aka ce ba a yafe masa ba. Wanda ya harbe yayansa Petro abokinsu ne na ƙuruciya, Mishka, kuma Mishkan nan ya zo ya auri ƙanwarsu ya zauna a gidan. Uwar tana zuba wa wanda ya kashe ɗanta abinci. Haka yaƙin ya kasance a ƙauye, kuma mutanen Rostov da na sani kowa yana da kaka a ɓangaren nan da kaka a wancan.

Abin mamaki, littafin ya fito a ƙarƙashin Stalin tsakanin 1928 da 1940, har aka ba shi kyautar Stalin a 1941, alhali jarumin bai zama ɗan kwaminis ba har shafin ƙarshe.

Kwamared Iliya: Madalla da Injiniya. A 1919, ana tsakiyar yaƙi, aka kafa dokar yaƙi da jahilci, kowa daga shekara 8 zuwa 50 dole ya koyi karatu. Zuwa ƙidayar 1939 sama da kashi 80 cikin 100 na masu shekara 9 zuwa 49 sun iya. Ƙasar da take noma da garmar itace ta karya Hitler a 1945, ta harba Gagarin sama a 1961. Kuma kada mu manta waye ya taimaki masu neman 'yanci a Angola da Mozambik da Afirka ta Kudu. Juyin yana da nasa marubutan. Gorky ya taso yana wanke kwanuka a jirgin ruwan Volga, ya rubuta "Uwa" a 1906, labarin matar da miji ya daka har ya mutu, ta koyi ɗaga kai ta hanyar ɗanta, ta koma raba takardun ma'aikata. Blok, babban mawaƙin zamanin, ya yi wa Oktoba waƙa a Janairun 1918. Mayakovsky ya ba juyin muryarsa gaba ɗaya.

Hajiya Turai: To mu bi su ɗaya bayan ɗaya, tunda kai ka kawo su. Gorky, abokin Lenin, tun a Nuwamban 1917 ya rubuta a jaridarsa cewa gubar mulki ta riga ta kama Lenin da Trotsky, don ya ga yadda suke rufe jaridu da kama mutane. A Yulin 1918 aka rufe tasa. An yi zaɓen majalisar tsarin mulki, Bolshebik suka sami kusan kashi ɗaya cikin huɗu, jam'iyyar da manoma suka zaɓa ta fi su. Majalisar ta zauna ranar 5 ga Janairun 1918, washegari aka sa mata kwado. Blok ya daina waƙa, ya mutu a Agustan 1921 yana jiran izinin fita neman magani. A watan nan kuma aka harbe mawaƙi Gumilyov. Mayakovsky ya harbe kansa a 1930. Babel, wanda ya bi rundunar dawakin Jajaye zuwa Poland a 1920 ya rubuta abin da ya gani ba ƙari ba ragi, an harbe shi a 1940. Mandelstam ya yi gajeriyar waƙa a kan Stalin a 1933, bai ma buga ba, karanta wa 'yan mutane kawai ya yi, ya mutu a sansanin fursuna kusa da Vladivostok a Disamban 1938. Shi kuwa Gorky da ya dawo gida daga zaman ƙasar waje aka ba shi katafaren gida, shi ya jagoranci littafin yabon magudanar ruwan da fursunoni suka haƙa da hannu suna mutuwa. Wannan ya fi yi mini ciwo.

Kuma ka san yadda waƙar Akhmatova ta tsira? An kama ɗanta, ta yi wata 17 tana bin layin ƙofar kurkuku a Leningrad tare da sauran iyaye mata, kowace da ƙunshin abinci, in an karɓa ka san naka yana da rai. Ta tsara waƙa a kan matan nan amma ba ta isa ta ajiye ta a takarda ba. Ƙawarta Lidiya Chukovskaya ta ba da labarin yadda suke yi: sai ta rubuta baiti a 'yar takarda ta miƙa mata, tana magana da ƙarfi a kan shayi ko yanayin gari saboda masu saurare, ƙawar ta haddace ta mayar, ta ƙyasta ashana ta ƙone takardar. Ba a buga waƙar a ƙasar ba sai 1987. Takardun hukumar 'yan sandan ciki da kanta sun nuna an harbe mutum wajen dubu 680 a 1937 da 1938 kaɗai. Ban ma taɓo yunwar 1932 zuwa 1933 ba, wadda ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan. An koya wa mutane karatu, na yarda, sannan aka zaɓar musu abin da za su karanta da bakin bindiga.

Kwamared Iliya: Ba zan kare 1937 ba, Hajiya, ba kuma zan kare kisan ko mawaƙi ɗaya ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce Oktoba dole ta haifi Stalin. Ƙasashe fiye da goma sun tura sojoji don su murƙushe juyin, har da Ingila da Faransa da Amurka da Japan. Gwamnatin da aka yi wa ƙawanya tun tana jaririya ba za ta tashi da sakin fuska ba. Su Farare kuma da suka kama gari, su mayar wa mai gida gonarsa, su far wa Yahudawa. Manomi ya auna biyun ya zaɓa.

Malam Habu: An kafa 'yan sandan ciki na Cheka a Disamban 1917, Kwamared, kafin sojan waje ya taka ƙasar. Manoman Tambov kuma sun yi wa Bolshebik bore a 1920, sojojin ruwan Kronstadt, waɗanda da su aka yi Oktoba, suka bi baya a Maris na 1921. Da igwa aka amsa musu.

Mamman Damagaram: Sannunku da ƙoƙari. Ni da Faransanci na karanta yawancinsu, kuma ina so mu yi hattara da abu guda. Littattafan da suka iso mana a matsayin gaskiyar Rasha, wani ne ya zaɓo su. An buga "Dakta Zhivago" a Milan a 1957, kuma takardun da hukumar leƙen asirin Amurka ta saki a 2014 sun nuna ita ta ɗauki nauyin buga shi da Rashanci aka raba wa 'yan Sobiyet a bikin baje kolin Brussels na 1958. Haka Mosko ma take cika mana shaguna da nata zaɓin a farashi mai rahusa. Kowane ɓangare ya mai da marubuci makami.

Hajiya Turai: Gaskiya ne, ɗan'uwa, amma Pasternak ya yi shekara goma yana rubuta littafin kafin wani ɗan leƙen asiri ya san da shi. Kuma duk wanda ya karanta zai ga likitan nan da farko murna ya yi da juyin, ya ɗauke shi kamar aikin tiyata da ya yanke ruɓa. Abin da ya kashe masa gwiwa shi ne ganin mutane sun daina faɗin abin da suke gani, kowa sai maimaita abin da aka ce a faɗa. Solzhenitsyn kuwa ba Amurka ce ta fara buga shi ba. Khrushchev, shugaban Sobiyet na lokacin, da kansa ya ba da izini a 1962 aka buga labarin yini ɗaya na fursuna Ivan Denisovich a Mosko. Manomi ne da Jamusawa suka kama a yaƙi, ya gudo, nasa suka ce ɗan leƙen asiri ne suka ba shi shekara goma. Yana ɗinke ɓallin burodi a cikin katifa don kada a sace, yana jera bulo cikin sanyi kuma yana so ginin ya miƙe. Tsofaffin fursunoni suka dinga aiko wa marubucin wasiƙu, daga cikinsu ya tattara babban littafinsa a kan sansanonin, wanda ya sa aka kore shi daga ƙasar a 1974.

Zainab: Kaina ya cika. In mutum zai fara, da wanne zai fara? Manyan nan suna ba ni tsoro.

Ustaz Nura: In kina jin Larabci, Sami al-Durubi ɗan Siriya ya fassara Dostoevsky kusan gaba ɗaya, kuma fassarar tana da daɗi. Amma ki fara da "Haji Murad", gajere ne.

Injiniya Bashir: Ni da Chekhov zan ce ta fara, sannan Ivan Denisovich, duka biyun a mako guda za ta gama. Na Sholokhov mujalladi huɗu ne, ta bari sai hutu.

Kwamared Iliya: A sa mata Gorky a ciki. Ba adalci ba ne yarinya ta karanta sansanin fursuna ba ta karanta masana'antar 1905 ba, inda ake aikin awa goma sha ɗaya a ci tarar mutum don ya makara. In ba ta san wannan ba, ba za ta gane dalilin da ya sa mutanen kirki suka bi Lenin ba.

Hajiya Turai: Na amince da wannan, da sharaɗin a haɗa mata da abin da Gorkyn ya rubuta a jaridarsa a 1917 da 1918. Malam Habu, in ka yarda mu ɗauki "Lambun Ceri" ranar Asabar bayan isha'i. Zan taƙaita kashi na uku da Hausa in turo ranar Alhamis, don waɗanda ba su da littafin su samu abin kamawa.

Malam Habu: Na yarda. Kwamared, kai za ka kare Lopakhin, Injiniya ya ɗauki ɓangaren mutanen gidan.